Daga Gusau zuwa Mambila: yadda za ka kai dajin Ngel Nyaki ka ga baƙin dutsen da ke ƙarƙashinsa

Ni sana'ata sayar da dashen itatuwa ce a nan Gusau, mangwaro da gwaiba da kashu da dogon yaro, shi ya sa duk inda na je ƙasa nake fara kallo kafin in ɗaga kai. Abin da ya tada maganar tafiyar nan kuwa ƙanena ne, wata rana cikin azumi zafi ya ishe mu muna kwance ƙarƙashin rumfa kamar kifin da anka shanya, sai ya miƙo min waya wai Yaya dubi wani lambun tsirrai a Ostareliya, Mount Tomah sunan wurin, bisa dutse yake mita 1,000 sama da teku, an buɗe shi 1987, sanyi da hazo da itatuwa iri-iri kuma ƙasar wurin daga dutsen aman wuta ta fito, ya ce mu kam ba mu da irin wannan. Na ce mai kai yaro ne. Tsaunin Mambila da ke jihar Taraba ya fi wancan tsayi da kusan mita 600, kuma shi ma akwai baƙin dutsen aman wuta a ƙarƙashinsa, sai dai namu ba lambu ne mai geti da kanti da tikiti ba, daji ne da Allah Ya dasa, mutane sunka zo daga baya suna liƙa wa itatuwan lamba. Bayan sallah munka shirya, ba mu samu tafiya ba sai da damina ta wuce. Ga yadda za ka yi in kana so, daga Zamfara ko Kabi.

Da farko ka zaɓi lokaci, don nan ne mutane ke fara kuskure

Ruwan Mambila ba irin namu ba ne da ake roƙo. Yana farawa tun wajen Afrilu ya kai Oktoba, kuma jar ƙasar wurin in ta jiƙe santsi gare ta kamar an zuba miyar kuɓewa, mota na juyawa, babur na kayar da mutum. In kana son kore shar da hanya mai kyau a lokaci guda to ƙarshen Oktoba zuwa farkon Disamba, ruwa ya ɗauke, ciyawa ba ta bushe ba tukuna. Janairu da Fabrairu hanya lafiya lau amma an fara ƙona ciyawa, tsaunuka sun yi baƙi-baƙi, ƙurar hunturu ta rufe nesa, hotonka ba zai yi kyau ba kuma sanyin dare a lokacin ba wasa. Ni dai Nuwamba na zaɓa kuma ban yi nadama ba.

Ka ware kwana bakwai aƙalla. Biyu da rabi zuwa, biyu da rabi dawowa, biyu a can. Wanda ya ce maka zai je ya dawo cikin kwana huɗu a mota daga Gusau, to kujerar mota ya je gani.

Sai kaya

Lissafin sanyin mai sauƙi ne. Duk mita 1,000 da ka hau, zafi na raguwa da wajen digiri 6 da rabi. Gusau tana wajen mita 450, Birnin Kabi ma ta fi ƙasa, Mambila kuwa wajen mita 1,600 ce in an daidaita, ka ga tun kafin a sa gajimare da iska da yawan ruwa cikin lissafi an riga an cire maka digiri 7 ko fiye. Da rana ba kasafai take wuce digiri 25 ba. Mu da munka saba da 40 a watan Afrilu wannan ai firji ne.

Don haka suwaita mai kauri, jaket, hular sanyi, safa guda uku ko huɗu, da bargo naka na kanka ko da masauki zai ba ka. Takalmi kambas mai gurza a ƙasa, kada ka je da silifas ko takalmin sallah mai sulɓi. Dogon wando mai kauri da za ka iya cusa ƙafarsa cikin safa, zan faɗi dalili in mun shiga daji. Leda babba ko rigar ruwa ko da rani ne. Tocila, fawa banki cike da caji, kuɗi a hannu ƙanana-ƙanana don sabis na ɗaukewa kuma tiransifa na iya maƙalewa kana tsaye gaban mai shayi. Katin shaidarka na ɗan ƙasa ya zama a aljihun gaba, shingayen jami'an tsaro na da yawa kuma yankin bakin iyakar Kamaru ne. Man shafawa, maganin zazzaɓi, gidan sauro saboda kwanan Jalingo da Serti, can ƙasa zafi ne da sauro kamar gida. Mai amai a mota ya riƙe lemun tsami ko citta.

Abu na ƙarshe kuma shi ne wanda za ka ce wauta ce: ka sami ɗan tsinken dutse daga gindin dutsen Kwatarkwashi da ke kusa da Gusau, kamar girman ƙwan kaza, ka jefa a jaka. Ko wajen masu fasa dutsen gini ka roƙi ɗaya, duk iri guda ne. Da ɗan maganaɗisu na tsohuwar sifika in kana da shi. Za su yi aiki.

Hanya

Ranar farko Gusau, Tsafe, Funtuwa, Zariya, Pambeguwa, Saminaka, Jos. Ba sai na yi wa ɗan Zamfara bayanin hanyar Tsafe ba, kowa ya sani, kada ka yi sammakon asuba kada ka yi dare, ka bari rana ta fito motoci sun fara wucewa, ka shiga motar tasha ba ta bakin titi ba, ka tambayi direbobin da sunka shigo da safen nan me sunka gani. Mutanen Kabi ku kuna da ƙarin wuni guda, ko dai ku biyo ta Argungu da Sakkwato da Talatar Mafara ku kwana Gusau, ko ku yi ƙasa ta Yawuri da Kwantagora, wanne ya fi lafiya a makon nan 'yan tasha ne za su gaya muku ba ni ba. Mai hali ya hau jirgi zuwa Abuja, daga can ya nemi na Jalingo ko Yola, ya rage wa kansa kwana biyu.

Ka kwana Jos, don jikinka ya fara gaisawa da sanyi, Jos ɗin ma wajen mita 1,200 take. Washegari Bauchi, Alƙaleri, Gombe, Kaltungo, Numan, Jalingo, doguwa ce ƙwarai, ka fita da wuri. In kun kusa Kaltungo ka leƙa ta taga ka ga Dutsen Tangale, wani tsinin dutse tsaye shi kaɗai, wannan shi ne darasinka na farko: maƙogwaron tsohon dutsen aman wuta ne, narkakken dutse ya daskare a cikin bututun da yake fitowa, ruwa da iska sunka cinye jikin dutsen na waje mai taushi sunka bar toshiyar tsaye. Dutsen Wase na jihar Filato ma haka yake.

Rana ta uku daga Jalingo ka nemi motar Gembu, tun da sassafe. Garba Cede, Bali, Serti, Mayo Selbe. Serti nan ne hedikwatar gandun dajin Gashaka Gumti, mafi girma a Najeriya, ya haura murabba'in kilomita 6,000, kuma a cikinsa ne Chappal Waddi yake, wanda ake kira Gangirwal, mita 2,419, babu inda ya fi shi tsayi a ƙasar nan. Shi wannan tafiyar kwanaki ce a ƙafa da masu gadin daji, ba shi ne namu na yau ba. A Serti ka ci abinci, ka yi sallah, ka ciro suwaitarka daga but ka riƙe a cinya ko da gumi kake yi.

Daga Mayo Selbe ake fara hawa. Wallahi na sha jin labari amma labari daban gani daban. Titi ne yake nannaɗe dutse kamar rawani, kwana bayan kwana, gefe ɗaya bango gefe ɗaya rami da ba ka ganin ƙarshensa, akwai inda ake kira Hawan Biyu da Sisi, ana cewa kuɗin da ake biyan 'yan dako ke nan a zamanin Turawa su hau da kaya a ka, sule biyu da sisi. Kunnenka zai toshe, ka riƙa haɗiyar yawu ko ka tauna cingam. Ka sauke gilas ka miƙa hannu waje, za ka ji iskar na canzawa da kanta, a ƙasa kamar hucin murhu, can tsakiya ta yi laushi, kafin ku kai Maisamari kowa a motar ya yi shiru yana laluben riga. Ƙanena da ke cika bakin shi ba ya jin sanyi shi ya fara cewa Yaya ina hular nan.

In da motarka ka zo, a duba maka birki da ruwan lagireto tun a Jalingo, ka cika tanki, kuma kada ka bi bayan babbar mota kurkusa a hawan.

Masauki da gaisuwa

Gembu ce hedikwatar ƙaramar hukumar Sardauna, nan ne masaukai sunka fi yawa, amma ta yi gaba da yawa, dajin da muke nema yana baya kusa da ƙauyen Yelwa, tsakanin Maisamari da Nguroje. In ka sami wurin kwana a Nguroje ya fi maka kusa, sai dai ka sani tana cikin wuraren da sunka fi tsayi da sanyi a duk tsaunin. Sunan Sardauna ɗin ma ba a banza ba ne, yankin da can yana cikin Kamarun Arewa da Ingila ke riƙo, sai a ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairun 1961 sunka zaɓi shiga Najeriya, anka sa wa lardin sunan Sardauna. In dattijo ya ji daga ƙasar Sakkwato ka fito sau da yawa nan hira ke ɓarkewa.

Akwai Mambilawa, Kaka, Panso, Kambu, Fulani, da Hausawa 'yan kasuwa. Hausa za ta kai ka ko'ina amma Fulatanci ne ke yawo a kasuwa, ka riƙe jam na, wato lafiya?, da useko, wato na gode, suna buɗe fuska. Abin da ba za ka sa baki a ciki ba shi ne maganar fili tsakanin makiyaya da manoma, an taɓa zubar da jini a kanta, kai baƙo ne, ka saurara kawai. Kafin ka taso ma ka kira wanda ke can ka ji ko gari lafiya.

Alwalar asuba kuwa, hmm. Ka roƙi mai masauki ya ajiye maka ruwan zafi a filas tun dare, ka surka. Ni daren farko na yi jarumta da ruwan randa, yatsuna sunka ƙi lanƙwasuwa har anka idar da sallah. Kuma in ka dafa wake ka ga ya ƙi nuna kada ka zagi mai wake, a wannan tsayin ruwa na tafasa tun wajen digiri 95, bai kai zafin na gida ba, sai ka ƙara mai lokaci.

Yanzu fito da dutsenka

Kafin ka shiga daji, ka ba da safiya guda ga dutse, in ba haka ba za ka ga kore ne kawai ka yi hoto ka dawo ba ka san me ka gani ba. Ka ɗauki ɗan kabu-kabu ka ce ya kai ka inda anka yanke tudu don titi, ko bakin rafi, wajen Nguroje ko Maisamari. Yankan titi ya fi, don kamar an yanka maka burodi ne ka ga cikinsa: can sama baƙar ƙasa ta saiwar ciyawa, ƙarƙashinta jar ƙasa mai kauri wani wurin ta fi tsayin mutum biyu, can ƙasa kuma ruɓaɓɓen dutse, a cikinsa dunƙule-dunƙule masu ɓawo kamar albasa. Ɗauki ɗaya ka buga a kan wani ya fashe, ka kawar da fuska saboda ido. Waje ja ne ko ruwan ƙasa, ciki kuwa baƙi ƙirin ko toka-toka mai duhu. Wannan shi masana ke kira basalt.

Ka ɗora shi a tafin hannu ɗaya, na Kwatarkwashi a ɗayan. Abu uku za ka lura. Na gida yana da ƙwayoyi manya da ido ke gani, fari da ruwan hoda da baƙi-baƙi mai ƙyalli, kamar dambu, na Mambila kuwa sumul yake kamar tuwon da anka tuƙa da kyau, ba ka rarrabe ƙwaya. Na biyu, in girmansu ɗaya baƙin ya ɗan fi nauyi, ƙarfe ya fi yawa a cikinsa. Na uku, ka rataya maganaɗisun nan da zare ka kusanto da shi, sau da yawa za ka ga yana ɗan karkata wajen baƙin.

Dalilin kuwa, dukansu biyu narkakken dutse ne asalinsu, inda sunka huce ne ya bambanta. Na Kwatarkwashi, giranit, bai taɓa fitowa sama yana wuta ba, can cikin ƙasa ya tsaya ya huce a hankali a hankali shekaru aru-aru, ƙwayoyinsa sunka sami lokacin girma, daga baya ƙasar da ke kansa ta zaizaye ya bayyana, masana na ba irinsa shekara sama da miliyan 500. Basalt shi fitowa ya yi ya malala a fili kamar kunu ya zube a tsakar gida, iska ta buge shi ya daskare nan da nan, ƙwaya ba ta sami sukunin girma ba. In ka ci sa'a za ka tsinci wanda ke da ramuka kamar soso, kumfar iska ce da ta maƙale lokacin da yake daskarewa, irin wannan daga saman malalar ya fito. A shekaru kuwa jariri ne, ko ushirin na Kwatarkwashi bai kai ba. Mutanen Kabi ku naku ma daban ne, yawancin ƙasar Gwandu da Argungu yashi ne da laka da ruwa ya tara sunka danne juna, sai wajen Zuru ne ake komawa tsohon dutse irin namu.

Kada ka ɗauka duk Mambila basalt ce. Gindinta tsohon dutse ne irin na gida, baƙin ya zo ya rufe wasu sassa ne kamar an shimfiɗa darduma a kan daɓe, shi ya sa za ka yi tafiyar minti ashirin a babur ka ga dutsen ya koma mai ƙwayoyi, ƙasar ta yi haske ta yi tsakuwa. Ka riƙa lura da wannan canjin, ka kuma lura da abin da ke tsirowa a kan kowace, ni nan ne na fi jin daɗin tafiyar gaba ɗaya. Jan da kake gani a ƙasar tsatsa ce ba wani abu ba, ƙarfen cikin dutsen ne ruwa ya taɓa shekara da shekaru. Ka ɗebo kaɗan ka jiƙa da yawu ko ruwa ka murza tsakanin yatsu, za ta yi danƙo ta miƙe kamar igiya, tana riƙe ruwa, ba kamar jigawarmu da in ka zuba bokiti kafin ka juya ya shanye ba.

Tambayar da ƙanena ya yi, na san kai ma za ka yi: to ba zai tashi da mu ba? Babu tarihin wani aman wuta a Mambila da mutane sunka gani, wutar nan ta daɗe da mutuwa. Amma danginta na da rai. Tsaunin yana jikin wani layi ne da ake kira layin duwatsun aman wuta na Kamaru, tsawonsa wajen kilomita 1,600, ya taso daga cikin teku, tsibiran Annobon da Sawo Tome da Firinsipe da Biyoko, ya hau tudu a Dutsen Kamaru mai sama da mita 4,000, ya bi ta duwatsun Oku na Kamaru ya yi reshe zuwa Adamawa da Biu. Dutsen Kamaru ya yi amai a 1999 da 2000, kuma a gindinsa ne lambun tsirrai na Limbe yake wanda Jamusawa sunka kafa a 1892, sai dai shi bakin teku ne, zafi da gumi. Sannan tafkin Nyos, kudu maso yamma da Mambila a cikin Kamaru, wanda ke zaune a bakin tsohon dutsen aman wuta: daren 21 ga Agustan 1986 iskar kabon da ta taru a ƙasan ruwan ta ɓalle gaba ɗaya ta gangara ƙauyuka, ta kashe mutum 1,746 da dabbobi wajen 3,500, yawanci cikin barci, ba wuta ba ƙuna, iska ce mai nauyi ta kore wadda ake shaƙa. Daga 2001 anka fara sa bututu a tafkin yana fitar da iskar kaɗan-kaɗan.

Wani abu kuma, wannan baƙin dutsen shi ya ɗauko shuɗin dutse mai daraja da ake kira safaya daga can ƙasa, ana haƙarsa a yankin Nguroje. Za a iya tare ka da ƙyalle a ɗaure a ce ka saya da araha. Kada ka saya, ba ka san shi ba, kwalba ma shuɗiya ce. Mu 'yan Zamfara da munka ga abin da haƙar zinari ta jawo a Anka da Bukkuyum a 2010, gubar dalma ta kashe yara sama da 400, ba mu ne za a koya wa tsoron rami ba.

Shiga Ngel Nyaki

Daga Yelwa ake zuwa, da ƙafa ko babur ya rage maka hanya, ka haye rafi ka bi cikin ciyawa da shanu, sai kawai ka ga ƙasa ta karye, daji ya cika gangaren baƙi-ƙirin da ganye. An ayyana shi gandun daji tun 1969, faɗinsa wajen murabba'in kilomita 46 amma ainihin kurmin ɗan kaso ne a ciki, saura ciyawa ce. A bakin dajin akwai tashar bincike ta wani shiri da Farfesa Hazel Chapman ta jami'ar Canterbury a Niyu Zilan ta kafa a farkon shekarun 2000, ɗalibai daga jami'o'in Najeriya na zuwa aiki a nan, yawancin ma'aikatan kuma 'yan ƙauyukan kewaye ne. Wurin aiki ne ba wurin shaƙatawa ba, don haka ka fara gaida mai unguwa a Yelwa, ka nemi izini a tashar, ka ce a haɗa ka da wanda zai yi maka jagora, ku yi maganar abin da za ka ba shi tun kafin ku taka. Kada ka shiga kai kaɗai, hanyoyin kama da juna suke kuma gangaren na da tsanani.

Ka isa kafin ƙarfe bakwai. Lokacin hazo na kwance a kwarin kamar auduga, tsuntsaye na ta kuka, birai sun fito cin 'ya'yan itace. Cusa wando cikin safa yanzu, saboda kaska a ciyawar shanu da kwarkwasa a cikin daji. In ka ga layinsu baƙi ya ratsa hanya ka tsallake da sauri kada ka tsaya kallo a kusa, ni na tsaya ɗaukar hoto, kafin in ankara sun kai gwiwa, sai da na tuɓe wando a bayan itace mai jagoran na dariya yana cewa Malam ai na gaya maka.

Taku goma cikin kurmin za ka ji kamar an rufe ƙofa, haske ya ragu, iska ta tsaya, sai ɗanshi da ƙamshin ruɓaɓɓen ganye. Ka ce wa jagora ya tafi a hankali. Ka dubi gindin manyan itatuwan, saiwarsu ta fito kamar katanga, mutum na iya ɓuya a tsakani, da ita suke dogarawa a gangare. Ka dubi rassa, gansakuka ta lulluɓe su, wasu tsirrai na zaune a kan reshe ba su taɓa ƙasa ba, hazo kawai suke sha, wani farin abu kuma na reto kamar gemun tsoho. Bakin rafi za ka ga malmo, shi kam ka san shi, da ɓaure iri-iri, har da wanda ke tsirowa a kan wani itace ya sauko da saiwa ya shaƙe shi. Ka tambaya a nuna maka Prunus africana, wanda ake ɓare ɓawonsa ana kaiwa Turai don maganin ciwon mafitsara na dattawa, yawan ɓarewar ya sa ya yi ƙaranci a duwatsun Afirka. A wani sashe na dajin, wajen hekta 20, duk itacen da kaurinsa ya kai santimita 1 an auna shi an ɗaura mai lamba ta ƙarfe, ana dawowa bayan shekaru a sake aunawa. Kada ka taɓa lambar, kada ka tsinke zare ko leda mai launi da ka gani a reshe, aikin wani ne na shekaru.

Akwai biri mai ganga a dajin, wanda Turawa ke ce wa cimfanzi, sunan nan na Hausa ya samo asali daga yadda yake dukan saiwar itace da hannu da ƙafa kana jin kamar kiɗa daga nesa. 'Yan kaɗan ne sunka rage kuma suna gudun mutane, kada ka sa rai da ganinsu, mu sheƙarsu kawai munka gani can sama, rassa a lanƙwashe inda ɗaya ya kwana. Wanda za ka fi gani shi ne wani baƙin biri mai farin tabo a hanci kamar ya leƙa kwanon gari.

Da kun fito ka roƙa a kai ka wurin renon dashe. Ni a nan na daɗe har ƙanena ya gaji ya zauna a kan dutse. Iri suke tsintowa daga cikin dajin su rena a leda kamar yadda nake yi, su dasa a bakin kurmi inda anka kewaye da waya don shanu da gobara kada su shiga, kuma kana tsaye kana ganin bambancin da idonka, cikin waya ƙananan itatuwa sun taso sun fi mutum, wajen waya ciyawa ce gajera da sawun kofato. Na tambayi wani dattijo da ke cika leda da ƙasa, na ce Baba taki nawa kuke sawa? Ya dube ni ya ce wane taki, ya nuna ƙasar da ke hannunsa.

In akwai sauran wuni

Ka je Kakara ka ga gonar shayi, inda ake yin Highland Tea. Ganyen shayi na son sanyi da ruwa da ƙasa mai ɗan tsami mai zurfi, duk ga su nan. Ka nemi izini a geti kafin hoto. A hanya za ka ga itacen turare ko'ina an dasa don katako da makamashi, ba ɗan asalin wurin ba ne, daga Ostareliyar nan ta ƙanena anka kawo shi, kuma in ka duba ƙarƙashinsa ba abin da ke tsirowa sosai, ka gwada da ƙarƙashin kurmin da ka fito jiya. Kasuwa ka sayi fiya da ayaba da dankalin Turawa da zuma da man shanu, ka sha kindirmo.

Saukowa ta fi hawa haɗari. Ka zaɓi direba dattijo, in naka ne tuƙin ka sa giya ta biyu ko ta ɗaya ka bar inji ya riƙe motar, kada ka ɗora ƙafa a birki tun daga sama, zai ɗau zafi ya sake ka a tsakiyar kwana, in ka ji ƙaurinsa ka tsaya a wuri mai faɗi ya huce. Kada ku taso cikin hazo mai kauri, ku jira rana ta ɗaga. Suwaitar kuwa tun kafin Mayo Selbe za ka cire ta da kanka.

Kada ka ciro tsiro daga cikin gandun, haramun ne a doka kuma ba zai yi ba ma. Ni a kasuwa na sayi dashen fiya biyu, na cika buhu da jar ƙasarsu na ɗauko har Gusau ina ta lissafin ribar da zan ci, na sa su a inuwar mangwaro ina ba su ruwa safe da yamma. Sun yi kyau har Fabrairu. Zafin Afrilu na shigowa ganyen ya fara ƙonewa daga baki-baki, kafin ruwan farko duk sun zama kara. Duwatsun biyu dai na nan a kan teburin shago ina danne rasit da su, jiya ma wata Hajiya da ta zo sayen dashen lemu ta ɗauki baƙin ta juya shi ta ce nawa zan sayar mata, wai zai yi kyau wajen goge kaushi.